Manomin da Ya Hana a Fitar wa Injinsa Iska

Akwai wani manomi mai gonar albasa a fadama, yana da injin ban ruwa mai shan man gas. Ana tsakiyar rani, dashensa bai fi mako biyu a ƙasa ba, sai famfon da ke tura mai cikin injin ya mutu. Ya tafi birni ya sayo sabo dal, ya kira wani tsohon bakanike ya ɗaura masa.

Da tsohon ya gama ɗaurawa, sai ya sa sifana ya sassauta notin da ke bakin bututun mai, ya ce wa manomin ya juya handul. Mai ya fara fitowa da kumfa, yana ɗiga a ƙasa. Shi kuwa manomin nan irin mutanen da ko ƙwayar gero ta faɗi sai sun tsuguna sun tsince ne. Nan take ransa ya ɓaci.

"Baba, me ke nan? Man nawa kake zubarwa?"

Tsohon ya ce, "Ɗana, iska ce ta shiga bututu sa'ad da muka kwance tsohon famfo. Sai ta fita kafin mai ya wuce. Ka bari kumfar ta ƙare."

"Wace iska? Ni ban ga iska ba, mai nake gani a ƙasa!"

Ya fizge sifana daga hannun dattijo, ya ɗaure notin tam, ya sallame shi ba ko sannu da aiki.

Sa'an nan ya kama handul ya yi ta juyi. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya juya har tafin hannunsa ya ɗuri ruwa, ko ɗigon ruwa bai hau gona ba. Washegari ma haka. Abin takaici, bai taɓa cewa ko shi ne ya yi kuskure ba. Ya zagi mai shagon birni, wai jabu ya sayar masa. Ya bi gari yana ɓata sunan tsohon bakanike, wai tsufa ya cinye masa basira. Har maƙwabcinsa na gona bai tsira ba, wai shi ya yi wa injin baki. Laifi tudu ne, ya taka nasa yana hango na wasu.

A rana ta huɗu matarsa ta kawo masa abinci, ta ga ganyen albasa ya kwanta ya yi fari. Ta ce, "Maigida, abincin shekararmu ne fa yake ƙonewa. In ba za ka je wurin bakaniken ba, ni zan je." Ta tafi ta durƙusa gaban tsohon, ta ba shi haƙuri a kan laifin da ba ita ta yi ba.

Tsohon ya zo. Ya sassauta notin nan, kumfa ta yi ta fita har mai ya zo garau, ya ɗaure. Man da ya zuba bai cika ludayi ba. Juyi ɗaya injin ya tashi, ruwa ya kwararo ya cika kowane fangali. Amma albasa ta riga ta bushe, ruwan ya bi ta kan matattun ganye ya wuce. Manomin ya zauna a bakin gona ya riƙe kai, garin neman gira ya rasa ido.

To, ga ma'anar wannan misali. Sabon famfo shi ne sabuwar zuciyar da Ubangiji yake ba mai tuba, man kuwa alherinsa ne. Iskar ita ce tsohuwar gaba da laifin da muka ɓoye, ba a ganinsu amma sun tare hanya. Sassauta noti shi ne buɗe baki a ce, "Na yi laifi, ka gafarta mini." Ɗan man da yake ɗiga, ɗan girman nan ne da muke tsoron ya zube a gaban mutane.

Ni abin yana ba ni haushi, 'yan'uwa. Mutum ya yi shekara goma da baftisma, yana zama a bencin gaba, muryarsa ta fi ta kowa a waƙa, amma ba ya gaisawa da ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya. In addu'arsa ta ƙi tashi, sai ya ce wa'azin fasto ne ba shi da ƙarfi, ya kwashi iyalinsa ya koma wata ikilisiya da iskarsa a ciki. Kana nan kana tsaron girmanka, aurenka yana bushewa, 'ya'yanka suna koyon gaba a wurinka. Tun ina magana akwai sunan da ya faɗo maka a rai. Ka je wurinsa yau, domin akwai ban haƙurin da in ya makara, a bakin kabari ake yinsa.