Ɗorawar Kuluwa

A zamanin da, an yi wani sarki da shari'ar gonaki ta hana shi sakat, kullum fada cike da masu jayayya a kan kunya guda. Da abin ya ishe shi, sai ya sa aka yi shela: duk wanda ya noma gona shekara goma a kan idon jama'a, ba wanda ya yi masa magana, ta zama tasa. Doka ce mai kyau, amma marar kunya ba ya rasa ƙofar shiga.

A garin akwai wata tsohuwa mai daddawa, Kuluwa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mijinta ya ba wani baƙo mai suna Cindo aron gonarsa, ba shaida ba rubutu, don yana jin nauyin a ce ya zargi baƙo. Mijin ya rasu. Cindo ya ci gaba da noma, yana kiranta Inna, yana tsoma hannu a akushinta. Shelar nan ba ta kwana biyu ba ya tare Kuluwa a bakin gona, ya ce, "Tsohuwa, daga yau kada ƙafarki ta sake taka nan." Tir da wannan hali. Ni da nake ba ku labarin ma sai da na ji kamar in tofar da yawu.

Gonar nan kuwa ita kaɗai ce gadon jikokinta. Ta kai ƙara fada. Maƙwabtan da suka san gaskiya duk suka sunkuyar da kai, don Cindo ya riga ya zagaya gidajensu da damin gero. Kuluwa ta dube su ɗaya bayan ɗaya da ƙyama.

Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kyauta aka ba ni, kuma shekara goma ta wuce."

Sarki ya ga dokarsa ce ta ɗaure shi. Sai Waziri, wanda tun ɗazu hancinsa ya gaya masa sana'ar matar, ya tambaye ta inda take samun kalwar daddawarta. Ta ce daga itatuwan ɗorawa uku da ke cikin gonar. A al'adar ƙasar kuwa, mai aro shuka kawai yake ci, 'ya'yan itace na mai gona ne.

Waziri ya ɗaure fuska, ya juya ga Cindo. "Mu ajiye maganar gona tukuna. Ko kai ne ke kaɗe ɗorawar nan a ɓoye? Ka san hukuncin ɓarawo."

Cindo ya zabura. "Ranka ya daɗe, ni ba ɓarawo ba ne. Ban taɓa tsinkar ɗorawarta ko ɗaya ba. Duk shekara ita ke zuwa ta kaɗe abinta, ina tsaye."

"Ɗorawarta," in ji Waziri. "To, ashe mai gona yakan ji tsoron a kira shi ɓarawo a gonarsa? Kuma wadda ke shiga duk shekara ta ɗebi haƙƙinta, yaushe ta yi shiru shekara goma?"

Baki shi ke yanka wuya. Sarki ya yanke hukunci Cindo ya girbe abin da ya shuka bana, ya fita. Ya ƙara wa dokar cewa duk mai ba da aron gona, ko ga ɗan'uwansa ne, ya kira shaidu biyu, malami ya rubuta, a faɗi kalmar "aro" kowa ya ji.

A ƙofar fada Cindo ya durƙusa gabanta, ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Kuluwa ta gyara lulluɓinta, ta ce, "Yau kuma na koma Inna?" Ta raɓe shi ta wuce, tana tattare bakin zanenta kada ya taɓa shi.