Hoto Ne Fa, Ba Mutuwa Aka Yi Ba

Akwai wani ɗan kasuwa a Fadaman Mada, nan cikin garin Bauchi, ana ce masa Mahfuz. Shadda da atamfa yake sayarwa a kasuwar Muda Lawal. Ba mugu ba ne, hannunsa ma a sake yake. Matsalarsa ɗaya ce: ba a faɗa masa. Ko hanya ya ɓata ka nuna masa, sai ya ce ai da ma wani fili yake son dubawa a wajen.

Yana da ƙanwa, Radiyya, tela ce ta mata. Shagonta ƙarami ne, amma shafinta na Fesbuk ya yi suna. Daga Tirwun, daga Azare, har daga Gombe mata ke aiko mata da ɗinki. In kaya suka isa, sai mace ta saka a ɗakinta, ta ɗauki hoto ta turo ta akwatin saƙo, don Radiyya ta ga inda ya matse da inda ya yi yawa. Yawanci ba ɗankwali, ba mayafi. Kusan kowacce sai ta rubuta: "Ke kaɗai za ki gani, ko?"

Duk wannan harka a kan laftof ɗin shagon take yin ta.

Mahaifinsu, Baffa, idonsa ya yi rauni. Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne sauraren tafsiri a 'yar rediyonsa mai memori. Mahfuz ya ci karo da bidiyoyin wani tsohon malami da Baffa ke so, sai ya ƙudurta zai cire muryar kawai ya zuba masa. Niyya mai kyau, ba wanda ya ce a'a.

Wata rana bayan azahar ya faɗo shagon, ya ja kujera gaban laftof ko izini bai nema ba.

"Yaya, me za ka yi?"

"Aikin lada. Ci gaba da ɗinkinki."

Ya bincika, ya sami wata ekstenshan, wato 'yar ƙaramar manhajar nan da ake liƙa wa burauza, wadda aka ce tana cire murya daga kowane bidiyo kyauta. Yana dannawa wani gargaɗi ya fito. Radiyya ta leƙo, almakashi a hannunta.

"Tsaya, Yaya. Ka ga abin da ta rubuta? Wai a ba ta dama ta karanta kuma ta canza duk abin da ake yi a kowane shafi. Me ya haɗa cire murya da karanta saƙonnina?"

"Duk haka suke rubutawa."

"To wa ya yi ta? Ka san shi?"

"Wanda ya yi keken ɗinkinki kin san shi?"

"Don Allah ka yi a wayarka, ko ka tambayi masu shafin malamin, ƙila suna da muryar a ajiye. Nan akwai amanar mutane."

Ya yi dariya. "Radiyya, ina taɓa kwamfuta tun kina cin ƙasa. Tafsiri zan sauke wa mahaifinmu, kina min maganar amana."

Ya danna.

Abin haushin, manhajar ta yi aiki. Murya ta sauka tas. Ya ƙure sauti, ya juyo yana kallonta kamar wanda ya ci gasar musabaƙa. Radiyya ta ce to tunda ya gama, ya cire manhajar. Ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya ce ya cire.

Bai cire ba. Alamarta kawai ya ɓoye, don akwai sauran surori da yake son dawowa ya sauke.

Bayan 'yan kwanaki laftof ya fara nauyi. Talla na faɗowa a inda ba a saba ganinta ba. Radiyya ta kira shi ta faɗa masa. Ya ce sabis ne, kowa a Bauchi kuka yake da sabis.

Wata safiya ta buɗe shago, ta zo shiga shafinta, aka ce kalmar sirrinta ba daidai ba ce. Ta sake, ta sake. Ta duba ta waya, an fitar da ita. Da ta nemo shafin ta wayar wata mai kawo ɗinki, sai ta ga an canza masa suna. Ya koma shafin tallan man bilicin.

Ta fita da gudu zuwa shagon da ke jikin nata, wajen Titilayo, wadda kowa ke kira Maman Tolu. Haifaffiyar Bauchi ce, tana da shagon buga takardu da gyaran kwamfuta. Maman Tolu ta zauna, ta buɗe jerin abubuwan da ke liƙe a burauzar, ta nuna da yatsa.

"Wannan fa? Wa ya saka?"

Radiyya ta dafe kai. "Yaya Mahfuz. Ya ce ya cire."

"Ga ta nan daram. Ƙawata, tun ranar da aka saka ta, duk abin da kika rubuta a nan tana iya gani. Kalmar sirri, saƙonni, imel, komai. Cire muryar da take yi ai hanyar shigowa ce kawai. Ba dukansu ne haka ba, amma irin wannan da ba a san mai ita ba, kuma take neman komai da komai, abin da take yi ke nan."

"Hotunan mutane fa?"

Maman Tolu ta cire ekstenshan ɗin, ta ɗauko tata kwamfutar ta ce su fara canza kalmomin sirrin da suka rage tun kafin a kwashe su.

Kafin la'asar amsar ta zo da kanta. A kan shafin aka saka hoton Yasmin, wata malamar firamare, matar aure, wadda ta daɗe tana kawo wa Radiyya ɗinki. Hoton da ta turo ne tana gwada riga, kanta a buɗe, kafaɗunta a waje. An raba shi biyu, an duhunta gefe ɗaya, an haska ɗaya, an rubuta wai ga wadda ta yi amfani da man ta ga canji. Mabiyan shafin kuwa mutanen Bauchi ne. Iyayen ɗalibanta suna ciki. Dangin mijinta suna ciki.

Yasmin ta zo shagon da hijabinta har ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye wayar a kan teburin yanka, ta ce, "Na tambaye ki, kika ce ke kaɗai."

Radiyya ta fashe da kuka. Yasmin ta ɗauki wayarta ta fita.

Aka kira Mahfuz. Jama'a, a nan ne mutum zai ji kamar ya shiga cikin labarin ya girgiza shi.

Da farko ya ce kalmar sirrinta ce ba ƙarfi. Maman Tolu ta juyo masa da laftof, ta nuna masa shafin ekstenshan ɗin da ya saka. Sai ya ce ai dubban mutane ke amfani da ita, me ya sa su ba a yi musu ba? Ta ce wa ya faɗa masa ba a yi musu ba? Sai ya ce ƙila wata mai baƙin ciki ce a cikin teloli.

Radiyya ta ce, "Yaya, ka ce min ka cire."

"To na manta. Mutum ba ya mantuwa?"

"Ka ga abin da aka yi wa Yasmin?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Hoto ne fa. Ba mutuwa aka yi ba. Ita ma wa ya aike ta ta turo hoto ba ɗankwali? Gobe kowa ya manta."

Maman Tolu ta rufe laftof ɗin a hankali, ta ce, "Alhaji, don Allah ka tafi kasuwa. Muna da aiki."

Radiyya ta yanke shawarar da ta fi kowacce wuya. Ta ɗauki waya ta fara kiran matan da suka taɓa turo mata hoto, ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗa musu gaskiya, ta ba su haƙuri, ta roƙe su su kai ƙorafin shafin don a rufe shi. Wasu suka yi mata addu'a. Wasu suka zage ta har iyaye. Wata ta aiko a karɓe mata yadinta ko a yanke yake.

Mahfuz da ya ji, sai ya kira ta yana faɗa. "Ke wace irin mara wayo ce? Kina tona wa kanki asiri! Da kin yi shiru wa zai sani?"

Ta kashe wayar.

Ana cikin haka, wata rana yana zaune a rumfarsa a Muda Lawal yana ciniki, maƙwabcinsa ya matso, ya ja shi gefe, ya miƙa masa waya.

Sabuwar talla ce. Matar da ke ciki Zubaida ce, matar Mahfuz. Ita ma Radiyya ke mata ɗinki, ita ma ta taɓa turo hoton rigar suna daga ɗakinta. A ƙasa maza na ta rubuta abin da ba zan maimaita a nan ba.

Ya bar rumfa a buɗe, ya hau acaɓa. Ya shigo shagon Radiyya yana haki.

"A sauke shi! Yanzu-yanzu! Ina Maman Tolu? A kira 'yan sanda, a kira kowa!"

Radiyya tana kan keke. Ba ta ɗago ba. "Mun kai ƙorafi tun ranar farko. An ce mu jira."

"Wane irin jira? Matata ce fa! 'Yan kasuwa duk sun gani!"

"Na sani, Yaya. Tun safe take kirana tana kuka. Ta tambaye ni yadda aka yi, na ce ta tambaye ka."

Zubaida ta tambaye shi kuwa, a gaban Baffa. Tsohon ya saurari komai, ya sa hannu ya lalubi rediyonsa, ya zare memorin ya ajiye a kan tabarma.

"Ɗauki abinka. Ƙanwarka ta hana ka, ka ƙi. Ta ce ka cire, ka yi mata ƙarya. An ci mutuncin 'yar mutane, ka ce laifinta ne. Duk kuma da sunana. Ba za ka sake zama a tabarmar nan ba sai ka je gidan yarinyar can."

Da ƙorafi ya yi yawa, aka rufe shafin. Mabiyan da Radiyya ta yi shekaru tana tarawa suka tafi da shi. Hotunan da mutane suka riga suka ajiye a wayoyinsu kuwa, ba wanda ya isa ya goge su. Ta buɗe sabo, ta rubuta a sama cewa kada kowa ya ƙara turo mata hoto, mai son gyara ta zo shago.

Mahfuz ya je gidan su Yasmin, Radiyya na biye da shi. Mijinta ya karɓe su a zaure, fuska ba walwala, ya aika aka kira ta. Ta tsaya daga bakin ƙofa.

Mahfuz ya cire hula. A karon farko bai kawo sabis ba, bai kawo mantuwa ba. Ya ce shi ya saka abin, an gargaɗe shi ya ƙi ji, ƙanwarsa ba ta da laifi. Ya ce ta yafe masa don Allah.

Yasmin ta ce ta riga ta yafe wa Radiyya, don ita ce ta kira kowa ta faɗi gaskiya alhali tana iya ɓoyewa. Ta ce ta nemi canjin makaranta, saboda ba za ta iya ci gaba da tsayawa gaban iyayen yaran nan ba.

Sannan ta dube shi.

"Kai ma zan yafe, don ina so Allah ya yafe min. Amma tambaya ɗaya gare ni, Malam Mahfuz. Da hoton matarka bai fito ba, da ka zo?"

Ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba, ya tsaya riƙe da hula, yana kallon ƙasa.

Ta jira kaɗan, ta juya ta shige gida.

Darasi: Kada ka liƙa wa burauzarka abin da ba ka san mai shi ba don kawai an ce kyauta ne. In manhajar cire murya ta nemi damar karanta duk abin da kake yi, ka tsaya, ba murya kaɗai take so ba. Kada ka saka komai a na'urar wani ba da yardarsa ba, domin akwai sirrin mutane a ciki. In an gargaɗe ka ka saurara, ko da ƙaninka ne. Kuma kada ka jira sai cuta ta shigo gidanka kafin ka yarda cuta ce. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wancan ɗan gidan naku da ba a faɗa masa.