Firjin Da Chundung Ta Manta Ba Ta Kashe Ba

Jama'a, akwai wata baiwar Allah a garin Beltsville na ƙasar Amurka, sunanta Chundung, 'yar Filato ce, nas a wani asibiti da ke Largo. Matar nan akwai kirki, amma tana da hali guda mai ban haushi: ta iya bayarwa, ba ta iya karɓa ba. Ko ruwa ka miƙa mata sai ta ce, "Haba, kada ka wahalar da kanka."

Duk ranar Sallah ita ke karɓar aikin abokiyar aikinta Sadiyya, don Sadiyya ta je Idi da yaranta. Amma idan Kirsimeti ta zo Sadiyya ta ce bari ta rama, sai Chundung ta ce ai ta riga ta shirya, ba komai.

Mijinta Raymond yana da wata ƙatuwar mota irin mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki. Yana ji da ita ƙwarai. Ya yi wa 'yarsu Abby alkawari cewa ranar da za ta fara jami'a, a cikin motar nan zai kai ta har ƙofar makaranta. Allah bai nufa ba. Raymond ya rasu 'yan watanni kafin ranar.

A bakin kabarinsa Chundung ta riƙe hannun Abby ta ce, "Alkawarin babanki yana nan. Ni zan kai ki."

Ranar ta zo, wata Asabar da safe. Makarantar tana Ohio, kuma a ranar ake ba sababbin ɗalibai makullan ɗakunansu. Sun loda kaya tsaf. Chundung ta tada mota, inji ya tashi lafiya lau.

Sai dai irin wannan mota tana da jak huɗu a ƙarƙashinta, ƙafafun ƙarfe ne masu aiki da matsin mai. Idan an faka sai a sauke su ƙasa don motar ta tsaya daidai, kada gado ya karkace. Kafin a tafi kuwa, dole a ɗaga su. Tun sauke su da Raymond ya yi ba wanda ya sake taɓa su.

Chundung ta danna maɓallin ɗagawa. Ƙyas! Shiru. Ta sake dannawa. Ƙyas! Ƙafafu suna nan daram a ƙasa.

Ta kashe mota ta kunna. Ta danna da yatsa ɗaya, ta danna da biyu, ta yi addu'a ta danna. Ko motsi. Ta kira masu gyaran irin motar, suka ce sai ranar Talata.

Abby ta ce da Turanci, don ita Hausa ji kawai take yi, "Mummy, mu kira Anti Sadiyya. Mijinta ai injiniya ne."

"Kul! Kada ki kira kowa. Yau suna da walima a Gaithersburg. Mutane na da hidimarsu."

"To mu tafi a ƙaramar mota, ba komai."

Abby ta faɗi haka ne tana kallon kujerar direba, idonta cike da hawaye. Chundung ta gani, zuciyarta ta karye. Ta zauna a matakalar motar ta rufe fuska, ta rasa abin yi. Ita kuwa yarinya ta zagaya bayan gida da wayarta.

Ba a jima ba sai ga mota ta tsaya. Sadiyya ta fito cikin leshi, mijinta Kamal yana biye da babbar riga ta farar shadda, sai ƙamshi suke yi.

Chundung ta miƙe da sauri. "Wayyo, yarinyar nan ta kashe ni! Injiniya, don Allah ku wuce walimarku, ƙaramar matsala ce."

Kamal ya ce, "Maman Abby, ina kwana tukuna. Ya ƙarin haƙuri?"

Yana gama gaisuwa ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa matarsa. Shi aikinsa ke nan, na'urorin da ke ɗaga kaya da matsin mai, don haka bai yi gaggawa ba. Ya fara da abu mai sauƙi.

"An ja birkin hannu? Giya tana fakin? Idan ba haka ba jak ba zai amsa ba."

An ja, tana fakin. Ya buɗe akwatin da ke gefen motar ya leƙa tankin man jak, akwai mai, kuma ba alamar yoyo a ƙasa. Ya duba fis ɗin lantarki, lafiyarsa ƙalau. Ya ce Abby ta danna maɓalli, shi kuma ya kara kunne kusa da famfon da ke tura wa ƙafafun mai. Ƙyas!

"Yauwa. Famfo yana so ya tashi, ƙarfi ne babu." Ya gwada batiran da ke ba ɗakin motar da jak wuta, ya girgiza kai. "Inji da nasa batir daban, shi ya sa ya tashi. Waɗannan kuwa sun mutu murus. Akwai abin da ya daɗe yana shan wutarsu. Me aka bari a kunne?"

Chundung ta ce babu. Sai kuma ta dafe ƙirji.

Firji!

Lokacin zaman makokin Raymond, abinci ya yi ta shigowa gidan har aka rasa wurin ajiyewa. 'Yan coci sun kawo, matan masallacin su Sadiyya sun kawo, maƙwabta sun kawo. Firjin gida ya cika, sai ta kunna na cikin motar ta zuba sauran.

Sadiyya ta ce, "To abincin fa? Kin ci?"

Chundung ta sunkuyar da kai. "Na rarraba wa ɗalibai."

"Har farfesun da na tsaya na yi miki da hannuna?"

"Har shi."

"Kai, Maman Abby! Wallahi ke sai addu'a."

Abinci dai ya tafi, firji kuwa aka bar shi a kunne, babu komai a ciki, yana ta aiki har ya shanye batir.

Kamal ya kashe firjin, ya matso da motarsa ya jona wayoyi, aka bar batir ya ɗan sha wuta. Abby ta danna. Sai famfo ya ɗauki gurnani. Ƙafa ɗaya ta tashi, ta biyu ta bi, ta uku ma haka. Abby ta yi tsalle tana ihu.

Ta huɗu fa ta ce ba inda za ta. Ta baya ce, wadda ruwan sama ya fi duka, datti da tsatsa sun kama sandarta.

Kamal ya shimfiɗa kwali ya kwanta a gefe, da wandon shaddarsa da komai. Chundung sai cewa take yi, "Injiniya, kayanka! Bari in shiga ni." Bai ko kula ta ba. Ya goge sandar tas, ya fesa mata mai, ya fito, ya zura dogon katako ƙarƙashin ƙafar. Ya gwada shi kaɗai, ta ƙi.

"Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ku zo ku kama."

Sadiyya ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta kama. Chundung ta kama. Abby ta danna maɓalli, su uku suka danna katako da iya ƙarfinsu. Ƙafar ta yi ƙara, ta motsa, sannan ta shige sama sumul.

Nan Chundung ta fashe da kuka, kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. "Na ɓata muku kaya, na hana ku walima. Da me zan biya ku?"

Sadiyya ta rungume ta. "Ki biya mu? Shekara nawa ina zuwa Idi saboda ke? Kullum ke ce mai bayarwa, mu ko sai kallo. Yaya, ki bar mu mu ma mu samu lada mana. Ko ke kaɗai kike son aljanna?"

Chundung ta yi dariya cikin hawaye. Sadiyya ta koma mota ta ɗauko kular da ta yi niyyar kaiwa walima, shinkafa da kaji, ta miƙa mata. Bakin Chundung ya buɗe zai ce "Haba, kada ki wahalar..." sai ta kama kanta. Ta sa hannu biyu ta karɓa.

"Na gode. Allah ya saka muku da alheri."

Kamal ya ce kada ta kashe inji sai sun yi nisa, kuma idan ta dawo a canja batiran. Ya ƙara da cewa, "Firji kuwa, don girman Allah, idan an gama da shi a kashe."

Da la'asar Chundung ta tsayar da motar Raymond a ƙofar makaranta. Kafin su sauke ko jaka ɗaya, ita da Abby suka zauna a teburin babanta suka buɗe kular. A wannan karon ba ta ba kowa ba, ta ci har ta ƙoshi.

Darasi: Alherin da kake yi wa mutane yana nan, ba ya ɓacewa. Amma idan ranarka ta zo, kada kunya ko girman kai su sa ka rufe ƙofa. Karɓar taimako da godiya shi ma alheri ne, don ka bai wa ɗan'uwanka damar samun lada. Ku tura wa wannan mutumin da kullum amsarsa ita ce "ba komai," ku gaya masa kuna nan.