Kwalba ta Takwas

Akwai wata mata a wata jami'a da ke ƙasar Koriya ta Kudu, sunanta Dakta Chae Nam-hui. Shekararta goma sha shida tana aiki a ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na Farfesa Ok. Shi ya ɗauko ta tun tana ɗaliba, shi ya tsaya mata har ta samu aiki.

Wata ranar Talata Farfesa ya yanke jiki ya faɗi a wurin ajiye motoci. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Kwana uku Nam-hui ta yi a wurin makoki cikin baƙaƙen kaya, tana rusuna wa masu ta'aziyya, tana kai musu shinkafa da miyar naman sa. Da aka gama ta koma bakin aiki. Abin da aka ce ta yi shi take yi. In an yi mata tambaya ta amsa, in ba a yi ba ta yi shiru.

Ita aka ɗora wa kwashe kayan marigayin. Ta gama da ofis, ta koma kan wani tsohon firiji da ke ƙarshen baranda, wanda shi kaɗai yake riƙe da mabuɗinsa.

Can ƙasa, bayan wasu akwatuna da ƙanƙara ta lulluɓe, ta ci karo da ƙaramin akwati. A jikinsa akwai rubutun hannun Farfesa, da kwanan wata na shekara ashirin da biyu baya. Ya rubuta sunan wata guba da ke shanye jikin mutum har numfashi ya tsaya. A ƙasa ya rubuta: kwalabe takwas.

Ta ƙirga da ido, ba ta taɓa ba. Bakwai. Ta sake ƙirgawa. Bakwai.

Doka ta ce irin wannan guba sai an yi mata rajista: nawa ce, ina take, wa ke da mabuɗi. Nam-hui ce ke cike wannan rajista duk shekara, saboda haka ta san babu akwatin nan a ciki.

Ta rufe firijin, ta wanke hannu, ta tafi ofishin Dakta Gong. Shi ne babba a ɗakin binciken bayan marigayi, ya riga ta zuwa da shekara biyar, shi ya sa take ce masa Yaya.

Gong ya ji bayaninta, ya tashi ya tura ƙofa.

"Wa kika faɗa wa?"

"Kai kaɗai, Yaya."

"To a bar shi haka. Mu zuba su a tukunyar kashe ƙwayoyi, awa ɗaya sun zama ruwa. Shi ke nan."

"Ɗaya ba ta nan."

"Shekara ashirin da biyu, Nam-hui. Ya yi aiki da ita, ya manta bai goge lambar ba. Ke ba ki san Farfesa ba? Mutumin da yake neman tabarau alhali yana goshinsa?"

"Mai yiwuwa."

"Ba mai yiwuwa ba ne, haka ne. In kika kai wa Sarkin Takarda wannan magana, rufe mu zai yi. Kuɗin bincikenmu ya tafi. Zauren da za a sa wa sunan Farfesa wata mai zuwa, shi ma ya tafi. Ko kwana arba'in da tara na zaman makokinsa ba su cika ba, za ki tone shi?"

Sarkin Takarda shi ne Malam Pyo, jami'in kula da tsaron ɗakunan bincike. Farfesa Ok ne ya raɗa masa sunan, don ba ya barin kowa ya ɗaga kwalba sai da sa hannu uku.

Nam-hui ta tsaya tana kallon kalandar da ke bango. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji haushi ba. Abu ɗaya ne kawai ya ƙi barin kanta: idan aka hallaka bakwai ɗin, ba wanda zai nemi ta takwas.

Da rana ta hau hawa na huɗu. Malam Pyo yana cin taliya a cikin kofin takarda a kan teburinsa. Ta faɗa masa. Ya ajiye tsinkayen cin abincin.

"Dakta, kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

"Zauna, ki cike wannan. Kada ki bar layi ko ɗaya."

Washegari jami'an gwamnati suka zo. Aka manna takarda a ƙofar ɗakin binciken. Aka dakatar da kuɗin aikinsu, ɗalibai uku suka koma wurin wasu malamai. Maganar zauren kuwa, aka ce an ɗage, ba a faɗi zuwa yaushe ba.

Mutane suka daina gaishe ta a lif. Wata rana tana wanke kofi ta ji wani malami yana cewa, "Ya rene ta shekara goma sha shida, ga tukuicinsa." Gong in ya hango ta sai ya ce, "Ga mataimakiyar Sarkin Takarda. Ranki ya daɗe, mun sa hannu kafin mu yi numfashi?"

Takan ce, "Barka da rana, Yaya," ta wuce.

Kullum ƙarfe tara take zuwa. Ta sa kayan kariya, ta bi jami'an gwamnatin daga firiji zuwa firiji. Su buɗe, ta karanta lamba, Pyo ya rubuta. Firiji talatin da ɗaya ne a ginin. Da yamma ta hau bas ta koma gida, ta ci abin da ta samu ba tare da ta san ɗanɗanonsa ba.

A mako na shida suka iso hawa na biyu, inda ake koyar da ɗalibai. Akwai akwatin tsoffin samfura marasa haɗari da ake fito da su don darasi. A layi na ƙarshe akwai wata kwalba da takardarta ta goge, sai lamba ɗaya da ta rage. Nam-hui ta gane yadda Farfesa yake rubuta takwas, da ƙaramin kai da babban ciki.

Ta ce, "Ku dakata. Wannan ce."

Gwaji ya tabbatar. Yadda ta shiga akwatin ba wanda ya sani. An fi zaton lokacin da aka yi ƙaura daga tsohon gini ne.

Akwatin na ajin Dakta Gong ne. Zango mai zuwa ɗalibai ashirin da huɗu za su buɗe kwalaben layin nan a kan teburi, ba tare da wata kariya ta musamman ba.

Gong ya same ta a baranda. Ya rusuna mata sosai, irin rusunawar da babba ba ya yi wa na ƙasa da shi.

"Da ni zan raba musu da hannuna," ya ce. "Da hannuna, Nam-hui."

"Ɗago, Yaya. Mutane na kallo."

Bayan wata huɗu aka buɗe ɗakin binciken. Gwamnati ta ce sai an naɗa wanda zai ɗauki alhakin duk abin da ke cikinsa. Pyo ya ba da sunanta. Gong ne ya fara sa hannu. Zauren kuwa ba a sa masa sunan Farfesa ba.

Ranar da ta karɓi mabuɗai, matar marigayin ta aiko tana son ganinta. Nam-hui ta sayi kwalin 'ya'yan itacen fiya ta tafi. Tun makoki ba su haɗu ba.

Tsohuwar ta zuba mata shayin sha'ir, ta zauna a gabanta.

"Kowa ya zo nan cewa yake mijina bai yi komai ba, sharri ne. Ke nake so na tambaya. Ya yi laifi?"

Nam-hui ta riƙe kofin da hannu biyu.

"Ya yi, Mama. Ya ɓoye abin da doka ta ce a bayyana, kuma ɗaya ta ɓace masa."

"Wani ya cutu?"

"A'a. An same ta kafin a buɗe."

Tsohuwar ta gyaɗa kai.

"To bai kashe ɗan kowa ba," ta ce. "Ke kika hana. Sha shayinki, zai huce."

Darasi: Rufa wa wanda kake ƙauna asiri a kan abin da zai iya cutar da jama'a ba biyayya ba ce. Dokokin da muke gani kamar wahala an kafa su ne saboda mutanen da ba su san akwai haɗari a gabansu ba. Ka faɗi gaskiya ko da za a juya maka baya, ka yi haƙuri har ta bayyana. Ku tura wannan labari ga duk wanda aka ba amanar rayukan mutane a wurin aikinsa.