Sunan Alhaji a Ƙarƙashin Kaska

Wai Alhaji Mamuda, mai manhajar ƙera wasannin kwamfuta, ya kafa doka: duk hoton da aka zana da manhajarsa aka sayar, rabin kuɗin nasa ne, kuma a rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a ƙarƙashi.

Sai Tasalla mai zane ta yi amfani da manhajar ta zana ƙatuwar kaska a wuyan ramammiyar saniya, ta rangaɗa sunan. Hoto ya yi kasuwa.

Alhaji ya kira ta yana huci. "Ke! Goge sunana!"

"Ranka ya daɗe, in karya dokarka?"

"To, ki ce ba da manhajata kika zana ba!"

"Madalla. Ke nan ba ka da ko sisi a ciki."

Alhaji ya tuna cinikin. "Bar sunan."

"Ai dama kowa cewa yake kun yi kama."