Fadamar Rinjin Gawo

To jama'a, ku gyara zama, ga wata nan da za ku raba mini gardamarta.

A Rinjin Gawo, tsohon ƙauyen bayi, an yi wata tsohuwa, Hakama, jikar bayi. Kakanninta ne suka sare daji suka mai da shi fadama, amma fadamar ta gidan Barde ce na cikin gari, waɗanda suka mallaki kakannin nata. Bauta ta ƙare tun tuni, gona kuwa ta ci gaba da zama ta aro. Rannan sai aka ji magadan Barde za su sayar wa wani attajiri, mutanen rinji su san inda dare ya yi musu. Hakama ta tsorata, ta kuma ji haushi. Ta ce, "Da wannan furfurar ina zan dosa?"

Mutum uku suka ɗauki maganar, ba wanda ya sa su, ba mai biyan su.

Na farko Jatau ne, mai shayi a bakin kasuwa. Duk ranar kasuwa bayan la'asar sai ya tara mutane a teburinsa, magana ɗaya: shin gumin bayi yana da diyya ko ba shi da ita? Aka ce masa mai tone-tone, wasu har suka ƙaurace wa shayinsa. Shi kuwa ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bai fasa ba har liman ya zo ya zauna, ɗan gari da ɗan rinji a benci guda, maganar da ake yi a raɗa ta fito fili.

Amma hirar teburin shayi ba ta wuce zaure. Sai Kande mai kitso ta shiga gidan Barde tana yi wa mata kitso kyauta. Wadda kanta ke kan cinyarki ai ba ta da wurin gudu! Tana tsaga tana tuna musu wa ya goyi wa, har Hajiya Babba, uwar magada, ta tuna a bayan mahaifiyar Hakama ta girma. Ta yi kuka, ta kira 'ya'yanta ta ce a dakatar da ciniki. Aka dakatar, sai dai dakatarwa ba bayarwa ba ce.

Na uku Nomau, shi kansa jikan Barde ne. Tun kafuwar garin, gayya daga rinji take tafiya gonar Barde, ba ta taɓa juyowa ba. Shi ya juya ta. Ya kira gayya a gonar Hakama, ya miƙa wa baffansa Alhaji Shekarau, babban magaji, fartanya a gaban jama'a, makaɗi kuma ya kama kirarin Alhaji. Ina halin ƙi? Kafin azahar hannun Alhaji ya sale. Hakama ta kawo masa fura, yadda mai gona ke yi wa 'yan gayya.

Ya ce, "Iya, haka kakanninku suka yi ta yi, ba ko sisi?"

Ta ce, "Ba ko fura, Alhaji."

Ranar Juma'a, a gaban dagaci da shaidu, magada suka nemi gafara, suka mallaka wa mutanen rinji fadamar.

Kun san ba a dasa itace a gonar aro. Hakama ta tsufa ba ta taɓa dasa ko zogale ba. Yanzu ga ta tsaye bakin rami da ɗan dashen mangwaro, cike da murna, ta ce wanda ya fi wahala a kan fadamar nan ya zo ya riƙe mata. Jatau ya dubi Kande, Kande ta dubi Nomau.

To, wanda ya buɗe baki, da wadda ta tausasa zuciya, da wanda ya juya gayya, wane ne a cikinsu ya cancanci ya kama mata?