Ranar da Tambari Ya Kori Masu Bincike

Akwai wani direba a Gurbin Bore, Tambari, mai jigilar fasinja zuwa Kaura Namoda. Ba mugu ba ne, amma kai, ba a gaya masa magana! Tunda kullum yana kan hanya, gani yake babu abin da bai sani ba.

Wata bazara sanƙarau ya shigo yankin. A tasha ya ji ana cewa gwamnati ta turo masu bincike ƙauyuka. To, shi bincike ɗaya ya sani, na shingen jami'an tsaro: a sauke fasinja, a zazzage kaya, a rubuta suna, wani lokaci a tafi da mutum. Bai tambayi kowa ba. Ya dawo ya ce wa matarsa Kulu, "Infoma suke nema, masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Sunanmu na shiga takarda mun shiga uku."

Alhali likitoci ne da ma'aikatan jinya. An turo su gano wane irin sanƙarau ne ke yawo don a kawo rigakafin da ya dace. Yaron da suka samu da alama kuma, su kai shi asibiti kyauta.

Ranar da suka yi sallama ƙofar gidansa, 'yarsa Nafisa mai shekara bakwai tana kwance da zazzaɓi. Kulu ta leƙo zaure.

"Malam, bari su duba ta. Tun safe take kukan ciwon kai, wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa."

"Koma ciki!"

Wata ma'aikaciyar jinya, Malama Amatullahi, ta ji. Ta ce, "Baba, don girman Allah. Cuta muke bincike, ba mutane ba. Ciwon nan ba ya jira."

"Malama, na san irinku. Ɗiyata lahiya lau take. Ba a bincike gidanga!"

Ya turo ƙofa. Wallahi duk na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Bayan kwana biyu Nafisa ta fara fizge-fizge. Ya sa ta a mota sai Zurmi. Wa ya tarar a asibiti? Malama Amatullahi. Ta karɓi yarinyar ta ruga ciki.

Nafisa ta rayu. Amma likita ya ja shi gefe ya ce, "Malam, sai haƙuri. Ciwon ya daɗe a jikinta, ya kashe jijiyar kunnuwanta duka biyu."

Har yau idan Tambari ya dawo daga Kaura ya danna hon, yaran gidan duk sukan fito da gudu suna "Baba ya dawo!" Nafisa na zaune a tsakar gida ta ba ƙofa baya, tana tsintar wake.

Darasi: Idan ba ka gane magana ba, tambaya kafin ka rufe ƙofa. Masu binciken lafiyar nan, da dukiyar al'umma aka turo su, don 'ya'yanmu. Ku tura wa 'yan uwa na ƙauye, wataƙila wani gida ya buɗe da wuri.